Kalma ta Shida a Littafin Anti Ƙamus

A kamfanin katifa da ke ƙarshen layin masana'antu, in ka hau bene ka shiga ofis na biyu a hannun dama, akwai tebur da ba a matsar da shi ba shekara ashirin da takwas. An sauya manaja sau biyar, an sauya fenti sau uku, tafireta ta tafi kwamfuta ta zo, teburin yana nan jikin taga, mai teburin kuma tana bayansa. Ma'aikata suna kiranta Anti Ƙamus, amma a bayan idonta. A gabanta Anti ce kawai.

Mahaifinta gyaran agogo yake yi, kuma ita ce ke riƙe masa ƙananan kusoshi tun tana yarinya. A wurinsa ta ga cewa in mutum ya ce agogonsa bai taɓa faɗuwa ba, sai a buɗe bayansa a duba. Mahaifiyarsu ta rasu ƙanwarta Auta tana shekara huɗu, ita ta goya ta, ita ta kai ta makaranta, ita ta aurar da ita. Mijin Anti ya rasu, 'ya'yanta biyu suna aiki a wasu garuruwa. Tana zaune ita kaɗai a ɗaki biyu, kuma ko banɗaki za ta shiga a ofis sai ta kulle durowa ta tafi da makullin.

Aikinta buga takardu. Duk takardar da za ta fita daga kamfanin da Turanci ta hannunta take bi: wasiƙun dillalai, sanarwar hutu, takardar gargaɗi, har ɗan guntun fas da ake nuna wa maigadi in za a fitar da wani abu daga harabar. Amma abin da ya ja mata suna, ya sa ake shakkarta, shi ne takardar shaida, wadda ake ba ma'aikaci in zai bar aiki ya nema a wani wuri.

A shekarunta na farko babu wani tunani a cikin wannan aikin. Manajan wancan lokacin zai leƙo ya ce, “Wane zai tafi, rubuta masa gud.” Sai ta buga. Kowa gud, wato “mai kyau” a Turance, malalaci da gwani. Wata rana wani mai gidan burodi ya hawo benen da takarda a hannu yana huci. Ya ɗauki direba a kan shaidar kamfanin, direban ya tafi da mota ya dawo da ita babu batir babu tayar safiya. Bai nemi manaja ba. Ya ajiye takardar a gabanta ya ce, “Ke kika buga wannan?”

Ita ta buga. A ranar ta buɗe ƙamus ɗin ofis ta nemi kalmar, ta tarar ta cinye shafi ɗaya da rabi. Bature yana faɗinta ga abinci mai daɗi, ga wuƙa mai kaifi, ga yaro mai jin magana, ga ranar da ba ruwa ba iska. Da ita yake gaisuwar safe, da ita yake sallama. Sai ta yanke a ranta cewa kalmar da za a gaya wa wuƙa a gaya wa safiya ba ta faɗi komai a kan mutum ba.

Ta sayi littafi mai jan bango. Ta bi 'yan'uwan kalmar a cikin ƙamus ɗaya bayan ɗaya, ta samu talatin da huɗu. Ta soke duk waɗanda ƙara ce kawai, irin na masu talla. Bakwai suka rage. Ta jera su kamar matakalar bene, a gefen kowace ta rubuta abin da take nufi da ita. Ta ɗaya: ba a kore shi ba, shi ke nan. Ta uku: ya iya aikinsa in ana tsaye a kansa. Ta biyar: gwani ne, wasu ma a hannunsa suke koya. Ta shida: a ba shi makulli. Ta bakwai kuwa sau uku ta taɓa bugawa, biyu daga cikin mutanen sun riga mu gidan gaskiya.

Duk bakwai ɗin yabo ne, saboda haka babu ma'aikacin da ya taɓa samun abin kai ƙara. Sai dai 'yan matan da suka koyi bugu a hannunta sun bazu a ofisoshin layin, sun tafi da sirrin. Yau a masana'antun yankin ba a karanta takardar Anti daga sama. Layi na huɗu ake zuwa, a duba kalma ɗaya.

Ranar wata Litinin mijin Auta ya hawo benen. Shekara goma sha ɗaya yana kan injin yankan soso a ƙasa, ma'aikata suna kiransa Zarto. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kakkaɓe ƙurar soso daga gashin hannunsa.

“Yaya, sannu da aiki.”

“Yauwa. Ka kashe injin ko ka bar shi yana cin wuta?”

“Na kashe. Dama takarda nake so. Kamfanin kujerun nan na bayan gidan mai sun ce za su ɗauke ni mai kula da sito. Sun ce in kawo shaida kafin ƙarshen wata.”

“Wa ke ɗaukar mutane a can?”

Ya sosa ƙeya. Ta san amsar, shi ma ya san ta sani. Ɗalibarta ce, wadda ta yi shekara huɗu a teburin da ke kusa da nata. Wannan ba za ta miƙa makullin sito ga wanda bai kai ta shida ba, ko da ɗan'uwanta ne.

“Na ji,” Anti ta ce. “Je ka.”

Takardar shaida ba ta wuce minti goma a hannunta. Wannan ta kwana, ta sake kwana. Dalilin yana jikin tagarta. Wata biyar da suka wuce aka sare bishiyar da ke kare mata ƙaramar ƙofar fita. Tun daga lokacin, duk ranar Alhamis, ranar da motar shara ke zuwa kwashe guntayen soso, tana ganin Zarto yana fita da buhu ɗaure a bayan babur. Ba ta taɓa buga fas na wannan buhun ba. Ba ta yi magana ba, don ba a kawo maganar teburinta ba. Ta dai ajiye.

Ranar Laraba ta sauka wurin Baba Maigadi, ta same shi yana gyara rediyonsa.

“Baba, buhun nan na Alhamis, me ke ciki?”

“Wane buhu, Anti? Buhu ai da yawa.”

“Wanda ake ɗaurewa da igiya shuɗiya.”

“Oho. Shara ce.”

“Ka taɓa buɗewa?”

“Da hannu ɗaya yake ɗaga shi.”

“Katifa sabuwa ma da hannu ɗaya ake ɗaga ta in an naɗe.”

Baba ya mayar da ido kan rediyo ya ce shi dai mijin ƙanwarta ne, ya ɗauka da saninta. Wannan maganar ta fi komai tsaya mata a rai. Wato shekara nawa ake wucewa da sunanta a ƙofar nan ita ba ta sani ba.

Abin da take tsoro ba buhun shara ba ne. Ta san aikin yanka, ko da ba ta taɓa riƙe injin ba. Mai yanka in ya so, yana iya karkatar da hannu kaɗan, fallen soso mai kyau ya lalace ya koma tarin shara, ranar Alhamis ya bi shi gida. An taɓa kama mutum biyu da wannan. Don haka da aka tashi cin abincin rana ta shiga ɗakin yanka, wanda rabonta da shi tun wancan manajan. Ta tsaya kan tarin da ke bayan injin Zarto, ta tona da ƙafa har ƙasa. Sirara ne, ba wanda ya kai faɗin tafin hannu. Ta je bayan injin ɗayan mai yankan, ta ga guntaye har masu girman faranti. Wannan ya tsaya wa Zarto. Amma ta ce a ranta mai wayo ba a ƙasan tari yake barin nasa ba, kuma abin da ke tari daban, abin da ke buhu daban.

Kafin ta koma sama labari ya gama kamfanin. Anti ta sauko ɗakin yanka. Anti ta riƙe takardar surukin gidansu kwana uku. Masu ɗinki suka ce dama ba ta taɓa son auren ba. Masu lodi suka ce in Anti ta yi shiru haka, akwai abin da ta gani. Zarto ya daina ɗaga kai in ya zo wucewa ƙarƙashin tagarta. Ranar Alhamis ya fita babu buhu, abin da bai ƙara masa komai a wurinta ba.

Asabar da hantsi ta shiga gidan Auta ba ta aiko ba. Tun daga tsakar gida ta ji ƙarar keken ɗinki a ɗakin baya, ɗakin da kullum ake ce mata tarkace ne a ciki. Ƙarar ta tsaya. Auta ta fito da zare maƙale a zaninta.

“Yaya, ba ki ce za ki zo ba.”

“Shi ya sa na zo.”

Ta wuce ta, ta ɗaga labule. Buhu uku jingine da bango. Filo kusan goma sha biyu jere a kan tabarma, wasu an rufe bakinsu wasu ba a rufe ba. Anti ta juye buhu ɗaya a ƙasa, ta durƙusa tana bi da hannu. Ta juye na biyu. Ta juye na uku. Duk sirara ne, irin na bayan injin. Ba falle ko ɗaya.

“Kin gama?” Auta ta ce. “Ko in ɗaga miki gado ki leƙa?”

“Tun yaushe?”

“Shekara uku. Abin da ake zubarwa ne, Yaya. Motar shara ke kai shi a ƙona. Ni na ce ya riƙa kawo min, ina yi wa maƙwabta, yara suna samun na sabulu.”

“Da fas ko babu?”

Zarto ne ya amsa daga bakin ƙofa. Ya dawo daga sayen zare, ledar tana hannunsa.

“Babu, Yaya.”

“Ka san dokar?”

“Na sani.”

“Ka san wa ke buga fas?”

“Abin ke nan. Tsakani da Allah, da na hawo na ce ki buga min takardar kwasar shara, da wane ido za ki kalle ni?”

“Da wanda nake kallon ka yanzu. Sai dai da tuni na gama.”

Auta ta zauna kan kujerar keken, ta harɗe hannu. Murya ba ta ɗaga ba. Ta ce mutumin nan shekara goma sha ɗaya yana shaƙar ƙurar soso, tari ba ya barinsa, likita ya ce ya bar ɗakin yanka. Sito ne kaɗai hanyarsa. Ta ce kalma ɗaya ce, ba a sayen ta, ba ta ƙarewa in an yi amfani da ita. Sannan ta dubi yayarta.

“Wai ma, filon da kike kwana a kai, wanda ya raba ki da ciwon wuya, daga wane kanti kike tsammani ya fito?”

Shekara biyu da rabi ke nan Auta ta kawo mata shi, lokacin da wuyanta ya ƙi juyawa saboda sunkuyon bugu. Ita da ke juya ambulan ta duba bayansa kafin ta buɗe, ba ta tambayi inda filon ya fito ba, don daga hannun Auta ya zo.

Litinin da safe ma'aikata suka ga abin da ba su taɓa gani ba: Anti tana hawa bene da filo a hammata. Ta aika a kira Zarto. Suka shiga ofishin manaja tare, ta ajiye filon kan teburinsa, kan takardu.

“Ranka ya daɗe, wannan kayan kamfani ne. A gidana ya kwana shekara biyu da rabi. Sauran bayani yana bakinsa.”

Zarto ya yi bayani, yana kallon kafet. Manajan ya saurara, ya matsa filon da yatsa, sai ya fara dariya.

“Anti, wannan sharar neman kai muke da ita. Da ya tambaya ai da na ce ya zo da kura ya kwashe.”

“Bai tambaya ba.”

“To yanzu ya faɗa. Ki buga masa takardarsa. Ki ba shi ta makullin.”

Ta ɗago ta dube shi.

“Shekara shida ina sa hannu,” ya ce. “Kina tsammani ban lura ba? Amma kalmarki ce. Ni sa hannu kawai nake yi, kuma ba don sa hannuna ake karanta ta ba.”

Ta koma teburinta ta buɗe littafin mai jan bango. Ba don ta manta ba, ta dai saba ganin su a jere. Ta bi abin da ta gani da idonta. Shekara goma sha ɗaya bai lalata falle ba. Rabin masu yankan layin a hannunsa suka koya. Bai ɗauki komai ba sai abin da ake ƙonawa. Tarin da yake fama da shi gaskiya ne, takan ji shi daga benen. Kuma ya wuce ƙofa da kaya babu takarda duk Alhamis shekara uku, ya san doka, ya bar maigadi yana tsammanin da saninta. Mai sito kuwa aikinsa ke nan guda ɗaya: kada komai ya wuce ƙofa babu takarda, ko da shara ce, ko da mai buga takardar tana da ido mai ban tsoro.

Ta buga ta biyar. Ta karanta sau biyu kamar yadda take yi, ta kai aka sa hannu, ta liƙe ambulan.

Washegari kafin azahar wayar teburinta ta yi ƙara. Ɗalibarta ce.

“Anti, ina kwana. Takarda ta iso. Na ga ta biyar.”

“To?”

“Na ce ko hannu ne ya zame.”

“Kin taɓa ganin ya zame?”

“Mijin ƙanwarki ne fa.”

“Shi ya sa na karanta sau biyu.”

Ɗalibar ta rage murya. “Ya taɓa wani abu ne?”

“Da ya taɓa, ko ta ɗaya ba za ki gani ba. Ki sa shi kan masu yanka, ya tsaya ya nuna musu, ba sai ya riƙe inji ba. Ba ki da kamarsa a can. Makulli kuma ki yi ta kallo tukuna.”

Haka aka yi. Sito aka ba wani. Zarto ya zama shugaban masu yanka a kamfanin kujeru, da ɗan tebur a bakin ƙofar ɗakin, inda iska ke shigowa. Ƙurar ta ragu amma ba ta ƙare ba, tarin ma haka. Ya zo ya yi wa Anti sallama a tsaye, ya gode, ba ta iya gane ko da gaske yake ba. Auta kuwa ta ɗauke ƙafa. Ba ta zuwa, ba ta kira, in Anti ta kira sai a ce tana wanka. Filon ya koma tarin shara. Wuyan ya dawo da ciwonsa, har in ana mata magana daga gefe sai ta juyo da kujerar gaba ɗaya.

Masu ɗinki suka ce ai ga shi nan, ko jininta ba ta ragawa. Masu lodi suka ce yanzu ne ma takardarta ta yi tsada. A wata huɗun da suka biyo baya Anti ta buga shaida takwas, ba wanda ya roƙe ta komai.

Wata Juma'a da safe Baba Maigadi ya hawo benen yana haki, da leda babba.

“An ce a ba ki. Kafin ki tambaya, na buɗe.”

Filo ne sabo, ɗinkin Auta, ta gane shi daga yadda take ninke kusurwa. An maƙala masa takarda da allura. Fas ne na kamfanin kujeru: buhu ɗaya, guntayen soso, sunan Zarto, kwanan wata, hatimi. Anti ta sa tabarau. Ta duba kwanan watan da kalandar bango. Ta ɗaga takardar wajen taga ta ga hatimin na tawada ne ba hoto ba. Ta gane bugun ɗalibarta. Sannan ta buɗe durowa ta ɗauko reza, ta farke kusurwa ɗaya, ta zura yatsu biyu ta jawo abin da ke ciki. Sirara ne. Ta mayar, ta aika wurin masu ɗinki aka ba ta aron allura.

Asabar ta je gidan. Wannan karon ta aiko. Auta tana shanya a tsakar gida, ba ta juyo ba sai da ta gama matse zanin da ke hannunta.

“Kin farke shi ko?”

“Kusurwa ɗaya.”

“Na gaya masa. Ya ce ba za ki yi ba, na ce ni ta goya.” Ta jawo mata kujera da ƙafa. “To yanzu fa, Yaya? Ya kai ta makullin?”

Anti ta zauna, ta juya wuyanta hagu da dama a hankali, wuyan ya juya.

“Fas ɗaya na gani tukuna,” ta ce. “Ɗora min ruwan shayi.”